Keken Lafiyarsa Ƙalau

Nima, Accra
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina maka sannu da hanya. Allah ya sa motar da ta ɗauke ka ta sauke ka Tamale lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gyangyaɗi, ya sa ka tarar da kawunka Inusa da iyalinsa ƙalau. Na ce wa mahaifiyarka ta cusa wannan takarda can ƙasan jakarka, ƙarƙashin dardumar salla, don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Ka ga ke nan tun ba a je ko'ina ba na fara nuna maka irin uban da Allah ya ba ka. Mutumin da ya iya ɗaukar cinyar sa biyu a bayan keke, amma ya kasa ɗaukar magana guda daga ɗakinsa zuwa naka.

Kai ne ɗan farina, kuma ka san yadda aka rene mu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jansa da hira. Shekara ashirin da biyu ina ce maka "kai" ko "wannan yaron". Wannan kunya ce ta gado, ba ita ta raba mu ba. Abin da ya raba mu shi ne marin da na yi maka a gaban abokanka, shekara biyu da rabi ke nan, na ce ka lalata mini keke. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ka durƙusa, in amsa, ka wuce. Jibi za ka tafi, ni kuwa da yadda nake jin jikina ban san ko zan sake ganinka ba. Ba na so ka tafi da marin nan ba ka san daga inda ya fito ba.

Ka taso ka gan ni a kan keke, amma ba ka san abin da keken yake a wurina ba. Tun kafin a haife ka nake yi wa Alhaji Bawa mahauci dakon nama. Ana sallame asuba in hau in nufi mayanka can bakin teku, a ɗaure mini kwano a kariya, in juyo in raba wa masu waakye, wato shinkafa da wake, da masu tuwo daga Nima har Maamobi da Kotobabi. Wurin da ake sanin namiji shi ne hawan nan da ke tashi daga babbar kwata zuwa Maamobi. Sauran 'yan dako a gindinsa suke sauka su tura. Ni ban taɓa sauka ba. Ina tsaye a kan feda, mata masu koko suna cewa ga Garba nan. Ban da gida na kaina, ban yi karatu mai nisa ba, ban je Makka ba. Abin da nake da shi ke nan, cewa ba na sauka a hawan Maamobi.

Ina da shekara arba'in da takwas abin ya fara, kuma bai zo da sallama ba. Ban kwanta ba, ban yi zazzaɓi ba. Kawai dai in na kai tsakiyar hawa sai in ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, cinyoyina su yi nauyi, numfashi ya ƙi isa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babu abin da nake ji, ko a gida. Shi ya sa na ce ba ni ba ne, ai mara lafiya yana sanin ba shi da lafiya. Na ɗora wa keke. Na kai shi wurin Kwaku mai gyaran keke na bakin kasuwa, na ce sarƙa ta ci, ya canza. Na ce taya ce, na tafi har kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai na sayo sabuwa. Na ce birki yana kama, na ce sirdi ya yi ƙasa. A wata shida babu abin da ban canza a keken nan ba sai mai hawansa. An bar jaki ana dukan taiki. To ga nasihata ta farko, kuma da tsada na saye ta: in aikin da ka saba yi jiya ya fara yi maka wuya yau, ka fara tuhumar jikinka kafin ka tuhumi kayan aiki. Za ka yi aiki da injin casar shinkafa, inji kuwa ba shi da bakin da zai ce ƙarya kake masa.

Da na gaji da keke sai na yarda cewa jikin ne, amma na yarda ta hanyar da ba ta da amfani. Na tafi wurin Malam Tanko wanzami, mutumin Sakkwato, wanda ya yi maka kaciya. Na ce ƙafafuna sun yi nauyi. Ya ce mataccen jini ne ya taru, abin da ke samun masu aikin ƙarfi. Ya zaunar da ni a tabarma, ya tsattsaga mini baya da cinyoyi da aska, ya kafa ƙaho. Da ya cire ya juye a ƙasa, na ga jini baƙi, guda-guda, sai raina ya yi sanyi. Na ce ashe wannan nake ɗauke da shi a hawa. Kwana biyu ina jin kamar na sami sauƙi, a na uku nauyin ya dawo. Sai na ce bai fita duka ba, na koma. Kowane wata ina komawa.

Kada ka riƙe Malam Tanko a ranka, ya yi abin da ya gada ne, kuma ya fi ni gaskiya. A zuwana na biyar ya kama hannuna ya juya tafin, ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Garba, yau ba zan taɓa ka ba," in ji shi. "Na ga idonka ya yi fari. Wanda ake ɗibar jininsa, sai yana da jinin. Je ka asibiti."

Ka san abin da ubanka ya yi? Na ce tsufa ya kama shi, na tafi wurin wani wanzami a New Town wanda bai san ni ba, ya ci gaba da ɗiba. In mai cin abinci da kai ya ce ba zai karɓi aikinka ba saboda lafiyarka, ka tsaya ka saurare shi, don irinsa ba su da yawa.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, har wanzamin, har mahaifiyarka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina da basir, kuma ya daɗe yana zubar mini da jini in na zaga. Kaɗan-kaɗan ne, ɗigo biyu, uku, wani lokaci fiye. Ka san banɗakinmu na haya, layi a waje, mutum yana buga maka ƙofa, wa ke tsayawa dubawa? Na ce ciwon masu hawan keke ne, kowa na da shi, na riƙa shan jiƙe-jiƙe a ɓoye. Ka duba wautar: jini na fita ta ƙasa kullum, ni kuma ina kai bayana a ƙara ɗibar wani kowane wata. Ɗana, babu wani wuri a jikinka da ya fi ranka daraja. In ka ga jini inda bai kamata ka gan shi ba, ka faɗa wa wanda ya san aikin tun a makon, ko da kunya za ta kashe ka a kan bencin asibiti. Kunyar ba ta kisa, na gwada daga baya.

Yanzu ga ranar. Ran Lahadi ka roƙi mahaifiyarka ta roƙar maka keke ka je kallon ƙwallo a Alajo, na ba ka ba da son raina ba. Ran Litinin Hajiya Adiza mai waakye tana da girkin suna, ta yi odar nama fiye da na kullum. Na taso daga mayanka lafiya. Ina kama hawan Maamobi, ban kai ko rabi ba, sai idona ya yi duhu, ƙafata ta ƙi tura feda, keke ya tsaya cak ya fara karkata. Na sa ƙafa a ƙasa. Shekara ashirin da huɗu, ranar na sauka. Na tura shi a gaban masu koko, ina haki kamar akuyar da aka koro daga gona, babu wadda ta ce ga Garba nan. Wata ma sannu ta yi mini, sannun nan ta fi zagi ciwo. Sau uku ina tsayawa kafin in kai sama.

Hajiya Adiza tana tsaye bakin tukunya da ludayi a hannu.

"Ei, Garba! Rana ya fito, masu suna sun zo, miya ba nama. Kana so in sa kaina a tukunya? Wata uku yanzu kullum latti, kullum latti. In ka gaji ka faɗi, ba faɗa ba ne."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na dawo gida ina neman wanda zan sauke wa, sai na hango ka zaune a benci da abokanka a bakin layi. Na ce me ka yi wa kekena. Ka miƙe tsaye don girmamawa, ka ce, "Baba, ban taɓa komai ba. Na ga kana wahala a hawa ne, sai na wanke sarƙa na sa giris." Ban ji wanke sarƙa ba, ban ji giris ba. Abin da na ji shi ne ka ga ina wahala. Ashe har ɗana ya gani. Hannuna ya tashi. Ba ka yi kuka ba, ka sunkuya ka ɗauki hularka ka shiga gida. Shekararka goma sha tara, da gemu ya fara fito maka. In ka zama uba, kuma ranka ya ɓaci a waje, ka zauna a masallaci har ya huce kafin ka shiga gida. Na gida ne kawai ba za su rama ba, shi ya sa muke kai musu.

Abin da zan faɗa yanzu ya fi marin muni, kuma ba ka san shi ba. Kwana uku bayan haka na kai keken wurin Kwaku na ce yaro ya lalata, ya buɗe ya gani. Ya juya shi ƙafa sama, ya murza feda, ya kasa kunne. Sai ya ce:

"Massa Garba, wa ya sa giris nan? Ya sa shi da kyau paa. Keke nan ba shi da matsala ko ɗaya."

Na ce ƙarya ne. Bai yi musu ba. Ya ari buhun masara a wurin maƙwabcinsa ya ɗaure a kariya, ya ce in biyo shi gindin hawa. Kwaku da tumbinsa, mutumin da ya girme ni, ya hau har sama bai sauka ba, ya juyo ya gangaro ya miƙa mini keke.

"Chale, abokina, ba keke ba ne," in ji shi. "Injin naka ne. Je ka a duba ka."

Ka ga, kwana uku kacal na yi cikin jahilci. Sauran shekara biyu da rabin ina sane. Kowace safiya ka durƙusa ka gaishe ni, maganar tana bakina, in ce gobe. Na ce uba ba ya ba ɗa haƙuri, na ce ai zai manta, na ce kunyar ɗan fari ce. Ba kunya ba ce, girman kai ne na sa masa rigar kunya. Kai kuwa ko kusa da keken ba ka sake zuwa ba. In yana jingine a zaure sai ka raɓa ta ɗaya gefen, ina kallonka ta labule.

Aikin bai daɗe ba bayan nan. Alhaji Bawa mutum ne mai kara, bai kore ni ba. Ya kira ni gefe ya ce masu abinci suna kuka, ya shirya da wani mai babur, ni kuma in zauna a rumfa ina wankin kayan ciki. Can nake har yau, hannu cikin ruwan tumbi, ina ganin namana yana wucewa a bayan wani. Duk da haka ban je asibiti ba. Sai da mahaifiyarka ta ajiye wandona a gabana wata safiya, wanda ta ɗauka za ta wanke, ta ce, "Malam, shekara guda ina wanke wannan ina shiru. Yau ko ka tashi mu tafi, ko in kira yayanka ya zo ya gani." Na tashi.

An ɗebi jinina a yatsa, muka jira har azahar. Nas ɗin da ta kira ni yarinya ce sa'ar ƙanwarka, Hausarta guntu-guntu.

"Papa, mogya naka, jini, ya yi ƙasa. Amma small ne, ba plenty ba. Kada ka ji tsoro."

Na ce ƙanƙanin abu ne zai sauke ni daga keke? Ta yi mini bayani, mahaifiyarka na cike gurbin da Hausarta ta gaza. Wai jini shi ke kai iskar da muke shaƙa zuwa ga naman jiki. In ya ragu kaɗan, mai zama a shago ba zai ma sani ba, mai tafiya a hankali ba zai ji ba. Amma wanda zai hau tudu da kaya, yana bukatar kowane ɗigo, shi ne farkon wanda zai ji, balle in shekaru sun fara ja. Da na ce mata ina yin ƙaho kowane wata, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ɗan hakin da ka raina. Da babban ciwo ne da ya kayar da ni tun farko, an kwashe ni an kai asibiti, da yanzu ina kan kekena. Ƙaramin ne ya bar ni a tsaye har na gama ɓata komai da hannuna.

Ta tambaye ni abin da nake ci. Na ce shayi da burodi da safe, goro da rana, tuwo da dare. Ta ce nama fa? Mahaifiyarka ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ka tuna shekarar yunwar nan, tamanin da uku, da kuke kwana da ruwan gari? Tun lokacin na koyi tura muku rabona. Tsokar da Alhaji ke ba kowane ɗan dako, ni ban taɓa sa ta a baki ba, ku nake kawo wa, in danne yunwa da goro da shayi mai kauri. Yunwa ta wuce, halin ya zauna, har ina alfahari da shi. Nas ta ce in riƙa cin hanta da wake da ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, in raba shayi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar abin da ke gina jini. Hanta, ɗana. Shekara ashirin da huɗu tana bayana a cikin kwano, ina kai wa mutane. Ba na da-na-sanin ciyar da ku, amma wanda ke ɗauke da gida in bai ci ba, gidan ne zai faɗi tare da shi. In an zuba maka abinci a gidan kawunka, ka cinye naman da ke kai, kada ka yi karar da ba a tambaye ka ba.

Sun ba ni ƙwayoyi, na sha wata huɗu ban tsallake ba. Ƙarfi ya ɗan dawo, ba zan yi wa Allah butulci ba. Wata Juma'a bayan asuba na fitar da keke ba kaya, na tafi gindin hawa. Na wuce inda na sauka a da, na ƙara kaɗan, sai ƙirjina ya ce a'a. Na sauka na tura. Ko da ma na kai sama, wa zai mayar mini da aikin? Mai babur yana gama zagayena kafin a ɗaura wa yara kayan makaranta. Jinin basir ɗin kuma bai tsaya ba. Sun ce dole in je babban asibiti a leƙa cikina a ga ko basir ne kaɗai. Wata biyar takardar tana cikin aljihun rigata ta Juma'a. Tsoro nake ji, ga shi na faɗa. Mahaifiyarka ta sa ranar Litinin mu je, kuma ka san in ta sa rana ba ta ɗagawa. Ba na jin labari mai daɗi zan dawo da shi.

Shekarata hamsin da biyu, kuma in na duba baya ban ga abin da na gina ba. Suna ɗaya na yi, a kan tudu ɗaya, shi ma ya tafi. Ba na gaya maka wannan don ka ji tausayina, ina gaya maka ne don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Jikinka irin nawa ne, dogo mara ƙiba, ga zuciya irin tawa, mai haɗiye magana. Ita ce na fi ji maka tsoro. Yau ga shi kai ma shekara biyu da rabi kana haɗiye abin da ya kamata ka tofa mini a fuska.

Kafin ka karanta wannan, ai ka ga an ɗora kekena a kan motarku a tasha. Na ce wa mai lodi saƙon kawunka ne, don na san in aka ce naka ne ba za ka yarda a ɗora ba. Ba na kawunka ba ne. Tamale garin keke ne, ƙasarsu a shimfiɗe take, daga gidan kawunka zuwa wurin inji da ɗan nisa. Famfo yana ɗaure a jikinsa, faci da gam suna cikin ƙaramar jakar da ke ƙarƙashin sirdi. Ban bar kowa ya taɓa sarƙar ba tun ranar, Kwaku ma na hana shi. Giris ɗinka ne a jiki har yanzu, ya bushe ya yi baƙi, sai ka wanke ka sa wani. Kai ka iya.

Allah ya tsare ka fita da shiga, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da ciwon da ke ɓoyewa da zuciyar da ke ɓoye shi. Allah ya ba ka arzikin da za ka ci da lafiyarka, ya sa ka fi ubanka a komai. Ka riƙe salla. Ka rubuto wa mahaifiyarka, ko ni ba ka rubuto mini ba. Ba na cewa dole ka amsa wannan takarda. In ka hau keken, ko sau ɗaya, ka ce wa kawunka ya faɗa mini a saƙonsa, wannan ya ishe ni.

Keken lafiyarsa ƙalau. Ba ka lalata komai ba, gyarawa ka yi. Ka yafe mini, Sulemana.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba